Mutumin Zango da Idon Iya

Duk wanda ya taɓa yin hoto a Zango ta Damagaram ya san Safiyanu Mai Hoto, kuma in ya san shi, to ya taɓa jin haushinsa. Mutum ne siriri, dogo, wanda ba ya gaggawa ko da gobara ake yi a bayansa. Za ka shigo shagonsa ka ci ado, ka sha sabuwar shadda kana tashin turare, ka tsaya ƙiƙam ka shirya murmushinka. Shi kuwa sai ya sa ido a kyamara ya yi shiru, ya ɗago, ya wuce ka, ya je ya kawar da buta daga bayanka. Ya dawo ya sake leƙawa, ya ce ka juya kafaɗa. Kafin ya danna, murmushin ya bushe maka a fuska, sai kuma ya tsaya jiran wani sabo. Masu kabu-kabun da ke fakewa a inuwar shagon sukan ce in kana son hoton Safiyanu ka zo da guzuri. Amma gobe su ne za su kawo masa amarensu, don kowa ya san in ya ɗauke ka, kai da kanka sai ka ƙara ganin girman kanka.

Kusan shekara arba'in ke nan yana wannan sana'a. Ya ɗauki 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, ranar sakamako, ya ɗauki alhazai da haƙorin Makka, ya ɗauki maƙera da dukawa a bakin aikinsu, har gawar raƙumi ya taɓa ɗauka don mai shi ya kai shaida. Hoto ɗaya ne ya gagare shi, kuma shi kaɗai ne ya tsaya masa a rai: hoton mahaifiyarsa tana kallonsa.

Safiyanu ɗan fari ne. An haife shi a wani ƙauye na ƙasar Zermu, kuma uwarsa Husaina, wadda kowa ke kira Iya, irin matan da ne masu alkunya ta gaske. Tun da ta yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa Nana. Gida ɗaya suke, ɗaki na kallon ɗaki, amma sai ka rantse ba ita ta haife shi ba. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ba ta yi masa magana kai tsaye, in tana so ya ci abinci sai ta fuskanci bango ta ce, "A ce wa wancan tuwo zai huce." In ya shigo ta ƙofa, ta kau da kai wajen rumbu. Wannan ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, shi ma ya sani. Haka aka tarar ana yi, kuma ana yaba wa macen da ta riƙe shi. Sai dai wasu matan in shekaru suka ja sukan ɗan sassauta, ita kuwa Iya kullum ƙara tamkewa take yi. Da ya koma birni ma sai ya sami sabon suna a bakinta, ya zama "mutumin Zango".

Saboda haka ya girma ya san gefen fuskarta kamar yunwar cikinsa. Ya san kunnenta da tsohon hujin da ya tsage, ya san zanen da ke kumatunta, ya san yadda take ɗaura kallabi ta karkata shi. Amma da za a ɗora masa wuƙa a wuya a ce ya faɗi yadda ƙwayar idonta take, ba zai iya ba.

Yana da shekara goma sha bakwai, a wata shekara da gero bai yi ba, ya shigo Damagaram neman na tuwo. Ya yi dako a kasuwar Dole har kansa ya yi kanta. Wata rana ya ɗauko wa wani dattijo kaya zuwa Zango, ashe mai shagon hoto ne, Babarbare, ana ce masa Malam Modu. Safiyanu ya ajiye kayan, ya ga hotuna a jere a bango, ya manta da ladarsa ya tsaya kallo baki buɗe. Malam Modu ya ce masa in kallo yake so ya dawo gobe, akwai shara.

Wata shida bai bar shi ya taɓa kyamara ba. Kwalin sukari ya samo ya yanke masa 'yar taga a tsakiya, ya ce, "Je ka kalli gari ta nan." Haka Safiyanu ya riƙa yawo cikin Birni da Zango da kwali a fuska, yana leƙen duwatsu da zanen soraye da mata masu tallar fura, ana nuna shi ana cewa ɗan ƙauye ya zautu. In ya dawo, Malam Modu ba ya tambayarsa wa ya gani. Sai dai ya ce, "Me ke bayansa?"

"Wallahi ban lura ba, Malam."

"To ba ka ga komai ba. Makaho ma ya san inda mutum yake, da murya. Kai aikinka abin da ke bayan mutum da gefensa. Kusurwa huɗu gare ka, gaida kowace kafin ka danna, kamar yadda kake gaida mutanen zaure. Wanda ba a gayyata ba, fitar da shi."

Ranar da aka ba shi kyamara ya ɗauki wani Alhaji a ƙofar gidansa. Da aka wanke hoton, sai ga itacen dogon yaro ya tsiro daidai tsakar hular Alhaji, rassa biyu sun rabu dama da hagu. Malam Modu ya duba ya ce, "Madalla, ka ba Alhaji ƙaho." Ya ɗauki wasu 'yan mata a bakin tafki, hannunsa ya karkace, ruwan ya gangara gefe guda. Malam Modu ya ce, "A garin da ake sayen ruwa da garwa za ka zubar wa mutane da tafki guda?" In ya yanke mutum daidai gwiwa ko wuyan hannu, sai a tuna masa cewa shi ba mahauci ba ne. Da haka da haka ya koyi raba tagar gida uku a tsaye, gida uku a kwance, ya ajiye idon mutum inda layukan suka gamu. Ya koyi durƙusawa in zai ɗauki wanda ke zaune, don kada ya kalle shi daga sama. Ya koyi barin hanya ko katanga ta ja idon mai kallo har ta kai shi ga mai hoton. Tsakiya kuwa, in ji Malam Modu, ta hoton kati ce, wanda ake manna wa hatimi.

Abu ɗaya ne ba a koya masa ba. Da ƙaramar Salla ta zo ya roƙi aron kyamara ya tafi gida. Ya tarar da Iya tana sheƙa gero, ya ɗaga kyamara, ita kuwa ta kau da kai kamar yadda ta saba. Bai san abin da zai yi ba, sai ya ajiye Iya a gefen dama na hoton, ya bar mata fili fetal a wajen da ta juya, ƙaiƙayi na tashi a ciki. Da ya dawo aka wanke, Malam Modu ya daɗe yana kallon hoton nan.

"Wa ya gaya maka in mutum ya kalli gabas a bar masa gabas? Ban kai ka nan ba tukuna."

"Ba kowa, Malam."

"Me take kallo haka?"

"Ba komai. Ni ne dai ba ta kallo."

Washegari Malam Modu ya ɗauke tsintsiya daga hannun Safiyanu ya ce daga yau shi ne zai riƙa ɗaukar masu zuwa da safe.

To, sanin aiki daban, sanin mutanen Damagaram daban. Su a wajensu hoto shi ne a gan ka tun daga hula har takalmi, kana tsakiya, ka ƙame kamar soja. Wata Hajiya ta taɓa dawo masa da hoto tana huci. Ya ɗauke ta daga ƙugu zuwa sama, hasken taga ya sauka a fuskarta gwanin sha'awa, ita kuwa cewa take, "Ina takalmina? Jika biyar na saye shi, ka yanke shi ka zubar!" Wani ɗan kasuwa kuma ya ce shi kuɗin hoto guda ya biya, an ba shi rabi an ba bango rabi. Safiyanu ba ya musu, kuma ba ya sakewa, don taurin kai ne da shi na bugawa a jarida. Dabarar da ya yi ita ce ya riƙa ɗaukar biyu: ɗaya yadda mutum ke so, ɗaya yadda shi yake so, ya haɗa ya ba shi a farashin guda. Na farkon ake ratayewa a ɗaki. Amma ya lura da wani abu cikin shekaru: in mutum ya rasu, 'ya'yansa na biyun suke kawowa a ƙara masa girma, su ce wannan ya fi kama da shi.

Malam Modu ya riga mu gidan gaskiya, ya bar masa shagon. Zamanin filim ya wuce, aka shiga na katin ajiyar hoto da ake sa wa kyamara, sannan salula ta zo ta mai da kowa mai hoto. Abokan sana'arsa suka watse, wasu suka koma cajin waya, wasu sayar da mai a kwalba. Shi ya kafe. Ya ce salula tana ɗauka, amma ba ta san abin da za ta hana shiga ba. Ya yi aure, shi da matarsa Lubabatu suka tara iyali da abin da shagon ke kawowa, ba yabo ba fallasa.

Duk tsawon shekarun nan bai fasa zuwa ƙauye ba, Salla biyu da lokacin kaka, kuma bai taɓa zuwa ba kyamara ba. Akwai wani tsohon akwatin ƙarfe a shagon, hotunan Iya ne zalla a ciki, sun haura ɗari biyu. Ga ta tana kaɗi, ga ta tana tatsar akuya, ga ta tana tsufa a hankali daga hoto zuwa hoto, kuma a cikinsu duka gefe take kallo. Ba irin dabarar da bai yi ba. Ya taɓa laɓewa a bayan zana ya sa ƙanwarsa Fati, autar gidan, ta ƙwala mata kira. Iya ta waiwayo, ta hangi baƙin gilashi ta tsakanin kara, kafin yatsansa ya sauka ta sunkuyar da kai. Idon Iya ya fi kyamara sauri. Fati kuwa, da yake auta ce, kan cinyar Iya take kwanciya har da 'ya'yanta, kuma salularta cike take da hotunan Iya tana dariya, ido cikin ido.

"Yaya, ka ɗauki ɗaya a nan ka wanke mana, ka huta," in ji ta.

"Wannan kallonki ne, auta. Ke take kallo. Nawa nake nema."

Yakan faɗi haka da dariya, amma a gaskiya kishi yake ji, kishi mai zafi, irin wanda babban mutum ke jin kunyar faɗa.

Bara waccan ne ya fara karo da abubuwa. Ya buge kafaɗa a ƙyauren shago, ya ce ƙyauren ne ya kumbura. Mai kabu-kabu ya kusa kwashe shi ta hagu, ya ce yaran yanzu ba su iya tuƙi ba. Bai je asibiti ba sai ranar da ya wanke hoton wani ango ya ga jan bokiti zaune a kusurwar ƙasa, ƙiri-ƙiri, kuma ya tabbata ya duba kafin ya danna. Wannan bokiti shi ya tsorata shi. Likitan ido ya gwada shi ya sake gwadawa, sannan ya ce hawan jinin ido ne. Ba yana ba ce da za a kankare. Ciwo ne mai cin gani daga gefe yana shigowa ciki, abin da ya ci kuma ya ci ke nan. Idon hagu ya kusa tafiya, na dama saura tsakiya, kamar mai leƙe ta bakin gora. Aka ba shi maganin ɗigawa safe da yamma don a rage masa gudu. Ya tambaya saura yaushe. Likita ya ce wannan sai Allah, yana iya ɗaukar shekaru, yana iya zama damina ɗaya.

Ka ji fa, mutumin da ya ci abinci shekara arba'in da duban gefe, gefen aka fara ɗauke masa. Ya yi baƙin ciki, ya kwana biyu bai buɗe shago ba. A na uku ya buɗe, ya koya wa kansa sabuwar hanya. Tunda ba ya iya ganin tagar duka a lokaci guda, sai ya riƙa kai ƙwayar idonsa kusurwa ɗaya bayan ɗaya, ya bi gefe da gefe, sannan ya dawo kan fuska. Aikin da yake yi a numfashi uku ya koma na minti guda. Masu kabu-kabu suka ce yanzu ba guzuri kaɗai ba, har da tabarma. Lubabatu da Fati kaɗai ya gaya wa gaskiya, kuma ya ja wa Fati kunne kada Iya ta ji. Ya ce shi ba kallon tausayi yake nema ba.

Da kaka ta yi aka gama ɗaurin gero, ya sa wa shagon kwaɗo ya rataya jakarsa. Ya ce wa Lubabatu ba zai dawo ba sai da hoton.

"Malam, abin da ba ka samu ba a shekara hamsin da biyar, a kwana nawa za ka same shi?"

"Da ina da lokaci ne, shi ya sa nake wasa. Yanzu ba ni da shi."

Ya shiga motar Zermu, daga can babur ya ƙarasa da shi. Ya isa bayan la'asar, ya yi sallama ya shiga. Al'adar Iya ce in ta ji muryarsa a zaure ta ja kujerarta ta koma jikin katanga, gefen ƙofa, shi kuma ya hango ta da wutsiyar ido, ya durƙusa ya gaishe ta yana kallon ƙasa, ta amsa wa iska. Haka suke yi tun yana saurayi. Ran nan ya shigo ya dubi gabansa, ya ga Fati a bakin murhu, ya ga rumbu, ya ga awaki.

"Auta, ina Iya?"

Bai rufe baki ba ya ji ƙafarsa ta taka wani abu ya yi ƙaras. Ƙwarya ce cike da gyaɗar da aka ɓare, ta fashe, gyaɗa ta watse. Ya juya kansa gaba ɗaya, sai ga Iya zaune, in ya miƙa hannu zai taɓa ta. Kunya ta rufe shi har ya ji da ma ƙasa ta tsage. Ya durƙusa yana gaisuwa yana tsince gyaɗa, yana cewa rana ce ta kashe masa ido a hanya. Iya ta amsa gaisuwar kamar kullum, fuskarta na wajen rumbu.

Washegari ya fara aiki. Ya zagaya gidan ya ga inda hasken hantsi ke sauka da taushi, jikin wata katangar jar ƙasa da ba ta da tsaga. Da hannunsa ya gangara da turmi daga wajen, ya cire turken akuya ya kafa a wani wuri, ya share, ya ajiye kujerar Iya daidai inda yake so. Iya ta fito ta dubi kujerar, ta wuce ta shimfiɗa buhu a bayan ɗaki ta zauna. Kwana na biyu ya gyara bayan ɗakin, ta koma gindin rumbu. Tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, tana dogara sanda, amma ta mai da shi kamar mai bin zabuwa a saura. A kwana na uku ya ajiye dabara ya aiki Fati ta roƙe ta kai tsaye. Daga inda yake zaune ya ji amsar, don da ƙarfi aka ba da ita.

"Mutumin Zango ya rasa abin ɗauka ne? Ga awaki nan, su ba su da kunya."

Ransa ya ɓaci. Ya juya ya fuskanci bango, ya yi mata irin nata. "A ce wa Iya ba inda za ni."

"A ce masa gidan ubansa ne."

A rana ta huɗu da hantsi yana zaune a tabarma a tsakar gida, kyamara a cinya, yana tunanin ta inda zai ɓullo, sai Fati ta zo ta tsuguna a gabansa, idonta ja wur.

"Yaya, ka yafe mini. Iya ce ta tsare ni a ɗaki."

"Me kika ce mata?"

"Ba ni na fara ba, wallahi. Cewa ta yi sau uku tana sa a ajiye maka fura ta hagunka, har ƙuda ya gama da ita ba ka taɓa ba. Da aka ajiye a gabanka ka shanye. Ta ce in faɗa mata gaskiya ko ta ɗaga mini nono. Ya zan yi?"

Safiyanu ya waiga hagunsa da dukan wuyansa. Ga kuwa kwanon fura nan, an rufe da faifai, ko kamu ɗaya babu tsakaninsu. Haushi ya kama shi, na Fati da na kansa da na idon. Abin da ya guda ke nan. Yanzu in ma ta kalle shi, kallon majinyaci za ta yi masa, irin wanda ake yi wa kowa. Ya rufe bakin kyamara ya ce wa Fati ta tashi ta ba shi wuri, in haka ne ya fasa.

Sai ya ji ana jan kujera a ƙasa, ƙiii, a tsaya, ƙiii. Bai ga mai jan ba sai da ta shigo cikin ɗan abin da ya rage masa na gani. Iya ce, sanda a hannu ɗaya, kujera a ɗaya. Ba ta nufi katangar da ya share ba. Ta kawo kujerar daidai gabansa, tsakiyar gida, ta zauna da kyar tana haki, fuskarta na gefe.

"Auta, tambaye shi, a nan yana gani?"

Fati ta dube shi. Ya ce, "A nan ina gani."

"To ce masa ya bar kumbura baki. Ba shi kaɗai ne idonsa ke tafiya ba."

Ta gyara kallabi, ta ɗora hannu biyu a kan sanda. Ta ja numfashi kamar mai shirin ɗaga tulu. Sannan ta juyo.

Safiyanu ya buɗe kyamara, ya sauko a kan gwiwa don ya daidaita da ita. Babu zancen gida uku a nan, inda ta ajiye kanta nan ya bar ta. Amma bai danna ba. Shekara arba'in ba ta barin mutum a rana ɗaya, kuma ya san ba za a sake ba shi wannan zama ba, ba zai yarda ya ɓata shi ba. Ya kai idonsa kusurwar sama ta dama, jinkar rumbu ce, ba laifi. Ya bi gefe a hankali ya gangaro ƙasa. Ya tsallaka hagu.

"Yaya, danna mana, don Allah!" in ji Fati.

"Je ki cire tabaryar da ke jingine a rumbu. Ta tsiro mata a ka."

Fati ta dube shi kamar ta rufe shi da duka, amma ta ruga ta cire. Ya sake bin kusurwoyin daga farko. Duk wannan lokaci Iya ba ta motsa ba. Matar da ba ta taɓa riƙe idonta a kansa na ƙiftawa ɗaya ba, ga ta ta riƙe har minti ya wuce. Da ya dawo kan fuskar ya ga leɓenta na rawa, jijiyar wuyanta ta miƙe, ruwa na bin zanen kumatunta ba ta share ba. Idon ba baƙi ba ne kamar yadda ya zata duk rayuwarsa. Ruwan ƙasa ne, da farin zobe na tsufa a kewaye, kuma fatar na hagu ta ɗan sauko fiye da ta dama, daidai yadda yake ganin nasa a madubi. Babu tausayi a ciki. Nema take yi, tana ƙanƙance ido, kamar mai neman wani a cikin kasuwa.

Ya danna.

Ya zaci da jin ƙarar za ta kau da kai, sai ya ci gaba da riƙe kyamarar a fuska don ya ƙara ko da daƙiƙa ɗaya. Ba ta kau ba. Ta buɗe baki, kuma ba Fati ta yi wa magana ba, ba bango ba.

"Sauke abin nan. Kai ka gani, ni ƙarfe kawai nake gani."

Ya sauke kyamarar ya ajiye a tabarma. Fati ta ja mayafi ta rufe fuska ta yi waje. Iya ta ƙara ƙanƙance ido, ta karkata kai, ta girgiza shi.

"Matso," in ji ta. "Daga nan ba na ganinka sosai."

Ya ja gwiwa ya matsa.